Gani Bai Kori Ji Ba

Musun ya tashi ne a ɗakinmu na hostal, wani daren Laraba da aka yi sa'a ba a ɗauke wuta ba. Mu 'yan safiyo, malaminmu na zanen taswira ya ba mu aiki: kowa ya zaɓi ƙauye guda a Birtaniya, ya nemo tsohuwar taswirarsa cikin waɗanda Babban Ɗakin Karatu na Sikotland ya ɗora a intanet, ya gwama ta da hoton tauraron ɗan'adam na yau, ya rubuto abin da ya canza. Ina cikin yi sai abokin ɗakina, ɗan sashen akanta, ya leƙo ta kafaɗata. Ya ga taswirar da aka zana tun zamanin kakan kakansa, ga kowane gida, ga rijiya, ga iyakar kowace gona da girmanta a rubuce. Sai ya ce, "Ka ga aikin ƙoshi. Wanda ya ci ya sha, me zai hana shi zama yana ƙirga rijiyoyin kakanninsa?" Na gadon sama ya ce a'a, a jininsu abin yake, Bature ba ya yar da komai, mu ne dai Allah ya yi mu da mantuwa.

Na yi makonni ina bin wannan magana, ta ci mini data ba kaɗan ba, alhali furojet na jirana. Ra'ayina a yau shi ne su biyun duk sun yi kuskure, kuma kuskure ne mai illa, domin duk wanda ya yarda da ɗayansu ya samu hujjar naɗe hannu.

Mu fara da waɗanda suka yi waɗannan takardu, da abin da ya sa suka yi su. A 1086 Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi shekara ashirin kafin nan, ya baza mutanensa gari-gari suna tambaya: gonar nan ta wa ce, garma nawa ke aiki a cikinta, maniƙa nawa, nawa take kawowa. Wurare sama da 13,000 aka rubuta. Haraji yake nema. Mutanen ƙasar ne daga baya suka laƙaba wa littafin suna Domesday, wato Ranar Hisabi, saboda abin da ya faɗa a kanka ba ɗaukaka ƙara. Taswirar Sikotland da William Roy ya yi aikinta daga 1747 zuwa 1755 kuwa, bayan tawayen 1745 aka sa a yi ta, don soja su san hanyoyin duwatsun da 'yan tawaye suka fito. Hukumar safiyo ta ƙasar, Ordnance Survey, da ake lissafa kafuwarta daga 1791, sunanta ma daga ofishin kula da igwa da albarushi ya samo asali, kuma taswirarta ta farko a 1801 ta yankin Kent ce, gaɓar da ake tsoron Faransa za ta shigo ta nan. Sai dokar 1836 da ta mai da ushirin amfanin gona da ake ba coci ya koma kuɗi. Don a san abin da kowa zai biya aka zana dubban taswirori, aka haɗa su da jerin sunan mai gona, da mai nomanta, da sunan da ake kiran gonar da shi. A duk cikin mutanen nan ba wanda ya zauna ya ce bari in tanadar wa jikoki tarihi. Masu neman kuɗi ne da masu shirin yaƙi.

Wani abu da ya ja hankalina a matsayina na ɗan safiyo shi ne littattafan sunaye. Ma'aikatan Ordnance Survey na ƙarni na 19 ba sa ɗora suna a taswira sai sun rubuta shi a wani littafi, da yadda ake rubuta shi, da sunan wanda ya tabbatar musu. To wa suke tambaya? Yawanci mai ƙasa, ko limamin coci, ko malamin makaranta. Makiyayin da ya fi kowa sanin tudun, sunan da yake kiran wurin da shi ba lallai ya shiga ba. A yankunan da Turanci ba shi ne harshen gida ba, sunaye da yawa an murɗa su sun dace da bakin mai mulki. Mu da muke cewa Sakkwato a gida muna rubuta Sokoto a fom, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kuma ga wanda ya ce Bature ba ya asarar komai: mafi yawan littattafan sunaye na Ingila da Wales na aunin farko sun ƙone a 1940, lokacin da jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai a kan hedkwatar hukumar a Southampton. Na Sikotland ne suka tsira.

Hotuna ma labarinsu ɗaya ne. Francis Frith, wanda aka haifa a 1822, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi a sari a Liverpool (e, Liverpool ɗin nan da kuke kwana musu a kanta a gidan kallo). Ya sayar da harkarsa ya rungumi kyamara, ya yi tafiye-tafiye uku zuwa Masar da ƙasashen da ke kusa da ita tsakanin 1856 da 1860, ya dawo ya buɗe kamfani a garin Reigate da burin ɗaukar hoton kowane gari da ƙauye a ƙasarsu. Dalilinsa na kasuwa ne: jirgin ƙasa ya sa mutane sun fara yawon buɗe ido, kuma duk wanda ya je wuri yana son ya koma gida da hotonsa. Ya rasu a 1898, kamfanin ya ci gaba a hannun iyalinsa, yana buga katunan hoto da ake aikawa ta gidan waya. Masu ɗaukar hotonsa sukan koma wuri ɗaya bayan wasu shekaru su sake ɗauka, saboda tsohon kati ya daina kama da garin. Ta haka aka tara hotuna sama da 300,000 na garuruwa kusan 7,000, inda za ka ga titi guda da keken doki, sannan da motoci biyu-uku, sannan da cunkoso. Da kamfanin ya rufe a 1971, saura ƙiris tarin ya watse. Wani masanin tarihin hoto, Bill Jay, shi ya yi ta fafutuka har kamfanin taba sigari na Rothmans ya saye shi. Ku duba fa, tarihin ƙauyuka dubu bakwai, kuɗin taba ne ya cece shi.

Abin da ya sa hotunan Frith ke da amfani a yau ƙaramin abu ne: kowanne yana da lamba da sunan wuri. Amma mai sayar da kati abin da zai sayu yake ɗauka. Coci, gada, babban titi, bakin teku. Lungunan talakawa da ɗakunan da mutum takwas ke kwana a ciki ba sa sayuwa. Wanda ya kalli katunan kaɗai zai rantse cewa a Ingila ta da ba a taɓa kwana da yunwa ba.

Yanzu bari in ba ku labarin kunyar da na sha, domin ita ce ta kawo ni ga taken wannan rubutu.

Ƙauyen da na zaɓa sunansa Imber, a yankin Wiltshire, tsakiyar filin Salisbury. Gaskiya gajartar sunan ce ta sa na ɗauke shi. A tsohuwar taswira ƙauye ne sosai: gidaje jere a gefen hanya guda, ƙorama na bin ta, ga coci, ga makaranta, ga maƙera. A hoton tauraron ɗan'adam na ga cocin na nan, hanyar na nan, tsofaffin gidaje da yawa babu, amma ga wasu gine-gine a jere masu kama da juna. Na rubuta da ƙarfin gwiwa cewa ƙauyen ya ragu, sai dai an yi sababbin gidaje na zamani, alamar akwai ci gaba. Malam ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Wa ke zaune a sababbin gidajen naka?" Na ce mutanen garin mana, Malam. Ya ce in je in sake bincike.

Ba kowa a Imber. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Ma'aikatar Yaƙi ta fara sayen filaye a yankin don atisaye, har ya kai kafin Yaƙin Duniya na Biyu kusan duk ƙauyen nata ne, mutanensa sun zama 'yan haya a garin kakanninsu. Ranar 1 ga Nuwamba 1943 aka tara su aka ce an ba su kwana 47 su tashi, domin sojojin Amurka za su yi amfani da wurin wajen shirin shiga Turai. Mutum kusan 150 ne. Suka tashi ana saura mako guda Kirsimeti, wasu ma sun bar kaya a gida, domin a yadda suka faɗa an ce musu za su dawo in yaƙi ya ƙare. Yaƙi ya ƙare a 1945, ba a bar su sun dawo ba. A 1961 mutane sama da 2,000 suka yi gangami a ƙauyen suna neman a mai da shi ga masu shi. Aka yi zaman bincike, wurin ya ci gaba da zama a hannun soja har yau. Gine-ginen da na kira ci gaba kuwa kwanson gidaje ne da soja suka gina a shekarun 1970 don koyon yaƙi a cikin gari. Ba a taɓa hura wutar girki a ko ɗaya ba.

Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji. Ni na gani da idona, ta taswira da ta hoto, kuma na faɗi abin da ba haka ba. Taswirar ba ta yi ƙarya ba, hoton ma bai yi ba. Kawai dai ba su da bakin da za su ce mini maƙerin garin, kamar yadda tsofaffin mazauna suka riƙa bayarwa, an same shi yana kuka a kan uwar maƙerarsa, kuma bai yi makonni da tashi ba ya rasu, aka dawo da gawarsa aka binne a Imber. Ba su da bakin da za su ce an yi alkawari, domin alkawarin, a faɗar mutanen, da baki aka yi shi, kuma abin da aka yi da baki ba ya fitowa a sikeli ko wane iri ne. Ƙauyen nan yana cikin littafin Domesday na 1086. Yau ana buɗe hanyarsa kwanaki kaɗan ne a shekara, mutane su je cocin St Giles, kuma an ci gaba da kai wasu 'yan asalin garin can a binne su in sun mutu. Duk wanda ya san wane gida ne na wa, daga bakin waɗanda aka tasa ya ji, ko daga bayan wani hoto da wata tsohuwa ta rubuta suna a kai.

Waɗanda suka fara ɗaukar wannan ji da muhimmanci a can ba wasu attajirai ba ne. George Ewart Evans malamin makaranta ne ɗan Wales, mai fama da matsalar kunne, wanda ya koma ƙauyen Blaxhall a Suffolk a 1948 saboda matarsa ta samu aikin koyarwa a makarantar ƙauyen. Yana gida yana renon yara, sai ya lura maƙwabtansa, tsofaffin makiyaya da masu noma da dawaki, suna amfani da kalmomin da ya saba gani a littattafan ɗaruruwan shekaru kawai. Tarakta ta shigo, dawaki na ƙarewa, kuma ya gane cewa ranar da mutanen nan suka mutu sunayen kayan aikinsu da dabarunsu za su bi su. Ya fara zama da su yana rubutawa, daga baya ya samu na'urar ɗaukar murya. Littafinsa na farko a kansu ya fito a 1956. Abin da ya ba ni mamaki, shekara biyu kafin nan, a 1954, an buga Baba of Karo a Landan, labarin rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Ashe lokacin da ake zaune da makiyayan Suffolk, ana zaune da tsohuwarmu ita ma. Mu nawa ne a makarantar nan muka taɓa buɗe littafin?

Kada a ce na ce bakin tsoho Alƙur'ani ne. Tsofaffi suna haɗa shekaru, suna ƙara wa jiya gishiri, suna tsallake abin da danginsu suka yi na kunya. Kakata duk abin da ka tambaye ta, ko dai ya faru "shekarar fari" ko "kafin a haifi babanka", kuma fari ba ɗaya aka yi ba. Masu tarihin ƙauyuka a Birtaniya sun san haka, shi ya sa suke auna maganar tsoho da rajistar coci ta haihuwa da aure da mutuwa, wadda aka wajabta tun 1538, da ƙidayar jama'a da ta fara rubuta sunan kowa daga 1841. In tsoho ya ce akwai maniƙa a bakin rafi, a duba taswirar ushiri. In taswira ta nuna gini ba suna, a kai wa tsoho hoton ya faɗi na wane ne. Shaidu ne guda uku da kowannensu ke da inda yake makancewa, aikin shi ne a zaunar da su wuri guda.

Akwai kuma waɗanda za su ce ai yanzu zamanin waya ne, komai na ajiye. 'Yan sashen kwamfuta, wannan taku ce. A 1986, don cikar littafin Domesday shekara 900, BBC ta shirya sabon Domesday. Aka yanka taswirar ƙasar gida-gida, kowane yanki kilomita huɗu da uku, aka ba makarantu su ɗauki hotuna su rubuta yadda rayuwa take a yankinsu. Mutane sama da miliyan ɗaya suka sa hannu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Taswira, hoto da labarin baka duk a wuri ɗaya, aiki mai kyau ƙwarai. Aka zuba shi a faifan lesa guda biyu da sai wata kwamfuta da na'ura ta musamman ke iya karantawa, kuɗinsu kusan fam 5,000. Kafin shekara 16 na'urorin sun kusa ƙarewa a duniya, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto a 2002. Shi kuwa na 1086, da aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kew, duk mai iya Latin zai karanta shi.

Ni wannan bai ba ni dariya ba. Hutun bara na zauna da kakata na ɗauki muryarta kusan awa biyu tana ba ni labarin unguwarsu ta da, wadda titi ya cinye rabinta. Tana yi tana tsokanata, wai mijin nata ya rasa aikin yi sai tonon tsofaffin zance. Ta lissafa gidaje ɗaya bayan ɗaya tun daga bakin kasuwa har marina. Wata biyu bayan nan aka zare mini wayar a cikin Keke Napep. Ban tura ko'ina ba, ban rubuta komai a takarda ba. Da na koma da ƙaramar sallah na ce ta maimaita, ta kai gida na shida ta tsaya, ta ce sunan ya ɓace mata.

Zan ba abokin ɗakina gaskiyarsa guda: kuɗi na da rana. Gundumomin Ingila suna da ofisoshin adana takardu da ma'aikata masu albashi da ɗakunan da danshi ba ya shiga, mu kuwa gara da damina kaɗai sun ishe mu. Amma a 1965 matan ƙauyuka na ƙungiyar Women's Institute sun haɗa kundin tarihin ƙauyukansu da almakashi da gam da biro, suna manna hoto, suna rubuta farashin kaya da sunan mai shago, kuma da yawa daga kundayen nan suna cikin waɗancan ofisoshi yanzu ana amfani da su. Abin da suka kashe bai kai kuɗin datar da muke ƙonawa a mako ba.

In kuma wani ya ce me ya haɗa mu da ƙauyukan Ingila, akwai igiya, kuma ta safiyo ce. Martin Hotine, jami'in da ya jagoranci sake auna Birtaniya daga 1936, wanda ya tsara ginshiƙan simintin nan kusan 6,500 da ke kan tuddansu, shi ne aka naɗa shugaban farko na hukumar auna ƙasashen mulkin mallaka a 1946. Hukumar ta riƙa ɗaukar hotuna daga jirgin sama tana zana taswirori da su, ciki har da na Najeriya masu sikelin 1:50,000, irin waɗanda har yanzu ake shimfiɗa mana a aji. Tarin hotunan nata yana Edinburgh a yau. Ke nan akwai garuruwanmu a can yadda suke shekara sittin ko saba'in da suka wuce, da ganuwa da kududdufai da gonakin da yanzu suka zama filoti. Hotunan sama ne, rufin ɗaki kawai suke nunawa. Waɗanda za su iya ɗora yatsa su ce nan gidan Sarkin Pawa ne, nan rijiyar da ba ta ƙafewa, suna zaure da tsakar gida a garuruwanmu, kuma kowace shekara ana ragewa.

Abin da nake roƙon ƙungiyar ɗalibai ba shi da tsada. A ware shafi guda a kowace fitowar mujallar nan, a sa tsohon hoto ɗaya na makarantar ko na garin da take ciki, da shekararsa, da sunayen waɗanda ke ciki, da abin da wani tsohon ma'aikaci ya tuna game da wurin. Akwai masu gadi da masu shara da direbobi a nan da suka riga wasu gine-ginen zuwa. 'Yan safiyo mu kawo taswira, 'yan aikin jarida su riƙe rikoda, 'yan laburare su ajiye kwafi a takarda.

Makon jiya aka kawo mana hoton ajinmu na ƙarshe, wanda muka ɗauka a gaban sashe. Na biya aka wanke mini nawa, na juya bayansa na rubuta kwanan wata da wurin, na fara jera sunaye daga hagu zuwa dama. Shekara biyu muna aji ɗaya da mutanen nan. A layi na uku na tsaya a kan mutum uku da laƙabinsu kawai na sani, sai da na kira wakilin aji ya duba mini rajista.